Injin da Bai Ga Yaya Ba

Ranar Talata da hantsi Tela ya ɗinke bakin aljihun wando ruf, kuskuren da rabonsa da shi tun yana koyon aiki. Ƙafarsa na kan keken ɗinki, amma idonsa na kan wayar da ya jingine da gwangwanin allurai. A cikin wayar wani mutum ne mai baƙar riga a kan dandamali, babba a kamfanin da ke ƙera injin wasan gem, yana yi wa duniya shelar sabon abin da suka fito da shi.

Tela dai ba yaro ba ne. Ya ba hamsin baya, furfura ta fara cin gemunsa. Amma shekara talatin ke nan yana buga gem, tun lokacin da 'yan ƙwallon cikin allo ba su da fuska, sai kai da ƙafa. Babban yatsansa na dama ya yi kanta wuri biyu, ɗaya na almakashi, ɗaya na madanni. Duk layin shagunan nan babu wanda ya taɓa cin sa sau biyu a jere.

Mai baƙar rigar ya ɗaga hannun wasa, irin mai madannai da kowa ya sani, ya nuna wa jama'a, sannan ya ajiye shi a ƙasa ya ture da ƙafa. Wuri ya kaure da tafi. Sai aka nuna wani ɗan baƙin abu mai ido ɗaya an ɗora shi a kan talabijin, ga wasu samari da 'yan mata a gabansa suna tsalle, suna naushin iska, suna shurin abin da babu. Duk motsin da suka yi, mutumin cikin allo ya yi. Tela ba ya jin yaren sosai, amma ya gane zancen tsaf. An daina hannu, jikinka ne hannun.

Makon da ya wuce wani kamfanin, abokin hamayyar wannan, ya yi tasa shelar, ya fito da wata 'yar sanda da ake kaɗawa. Ranar Tela har da riƙe ciki don dariya, yana cewa sun ƙera abin korar kaji. Ya yi dariya ne don ba kamfaninsa ba ne. Yau ga nasa kamfanin, wanda ya bi shekara da shekaru kamar mai bin ƙungiyar ƙwallo, ya zo da abin da ya fi sandar.

Ya miƙe. Ya zauna. Ya ɗauki wandon ya ga aika-aikar da ya yi, ya ajiye ba tare da ya farke ba. Ya fita.

Shago na uku daga nasa na mai gyaran kayan lantarki ne, wanda kowa ke kira Injiniya. Yana duƙe a kan wata rediyo da aka farke cikinta.

"Ka gani?" in ji Tela daga bakin ƙofa, ko sallama babu.

"Na gani. Ka fara sayen takalmin gudu, Dattijo."

"Bar wasa. Wanda ke zaune fa?"

"Ya tashi mana."

"Wanda ba ya iya tashi fa?"

Injiniya ya ɗago. Sai yanzu ya tuna. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Au. Yaya."

Yaya wan Tela ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban tirela ne shekara ashirin da takwas, har ranar da motar ta kwanta da shi a wata kwana. Aka ciro shi da rai, ƙafafun ne ba su dawo ba. Shekarar farko a kan keken guragu bai yi magana mai tsawon layi biyu ba. Likita ya yi nasa, masu nasiha sun yi nasu, abokan tasha suka zo suka gaji suka ɗauke ƙafa. Wata Asabar Tela ya rasa abin yi, ya ɗauko injinsa ya haɗa a falon Yaya, ya ɗora masa hannun wasa a cinya. A wasa na huɗu Yaya ya zura ƙwallo ɗaya, ya ce, "Kai, ashe ma ba ka iya ba." Matar Yaya da ke kicin ta saki murfin tukunya.

Tun daga nan kowace Asabar da yamma Tela ke rufe shago. Asabar ce ranar da Yaya ke aske gemu, ranar ce yake zagi da dariya, yana buga hannun keke idan an ci shi. Sauran kwana shida kuwa yana jiran Asabar ne.

"Tsohon injin naku ai yana nan," in ji Injiniya.

"Kai ka ce gyaran da ka yi masa na ƙarshe ne."

"Na faɗa. Idon da ke karanta faifan ya gaji. Kuma ka ji mutumin nan ya ce sun daina ƙera irinsa, har kayan gyaransa."

"Wato ko ka yi rawa, ko ka bar musu kayansu."

"Zamani ne, Dattijo."

"Zamanin banza," in ji Tela, ya juya.

Sabon injin sai bayan wata biyu zai shigo kasuwa. Wata biyun nan Tela bai zauna lafiya ba. Ya kalli shelar ya fi sau arba'in, yana tsayar da hoton yana neman mutum ɗaya da ke wasa a zaune. Ya sami wata tsohuwa a kan kujera can gefe, amma tafi kawai take yi wa jikokinta. Kamfani na uku ya fito da nasa, wata ƙwallo mai haske a kan sanda. Tela ya ce sun haɗa baki ne. Mai kawo masa zare ya zo, ya tsare shi rabin awa yana yi masa bayanin cewa wasa a yatsa yake, da lissafi, da sanin lokacin dannawa, in tsalle mutum yake so ai ga fili nan kyauta. Mai zare bai taɓa riƙe hannun wasa ba a rayuwarsa, yana ta cewa, "Gaskiya ne, gaskiya ne," yana kallon ƙofa.

Yaya kam Tela bai gaya masa komai ba.

Asabar ta shida, ana cikin wasa, Yaya na gaba da ci ɗaya, injin ya yi wata ƙara kamar mai kakarin majina, allo ya yi baƙi. Tela ya cire faifan ya hura, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Ya kashe ya kunna. Ya kifa injin, ya tayar da shi tsaye, ya bubbuga masa baya. Shiru.

"Tsoron ci biyu ne ya sa ka kashe shi," in ji Yaya.

"Zuwa Asabar ya tashi."

Bai tashi ba. Injiniya ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci. Sun nemi na hannu, wanda suka samu ya fi nasu jin jiki. Asabar ta zo, Tela ya tafi hannu rabbana. Suka zauna suna kallon labarai. Ta biyu da ta zo, ya tarar da Yaya bai yi aski ba, an juya kekensa yana fuskantar taga. Ya gaishe shi, ya amsa da ka.

Matar Yaya ta tare shi a bakin ƙofa lokacin da zai fita.

"Ƙanin miji, ina wasan naku?"

"Ana kai, Anti."

"Ana kai, ana kai. Tun ranar Laraba rabin kwano yake ci. Ni ba na son mu koma 'yar gidan jiya. An ce akwai sabo, ko kuɗin ne ka ji ya yi maka nauyi, mai aljihun ƙarfe?"

"Ba kuɗi ba ne." Ya rage murya. "Sabon a tsaye ake yi."

Ta kalli falo, ta kalle shi. "Ka gaya masa?"

"In ce masa me?"

Ranar Litinin Injiniya ya leƙo shagon Tela yana murmushi. An kawo masa guda ɗaya na nuni, zai ajiye a gaban shago mutane su gwada. "Ka ɗauka ranar Asabar ku jarraba. In ya yi, shi ke nan. In bai yi ba, ka dawo min da kayana. Ka bi abin da ya ce maka a allo kawai. Zai fara duba mutum tukuna, ya nuna hotonsa, ya gane shi."

"Ya nuna hotonsa? A talabijin?"

"Gaba ɗayansa, daga kai har ƙafa."

Nan Tela ya ajiye almakashin da ke hannunsa. Shekara shida babu madubin da ya wuce na aski a gidan Yaya. Shi da kansa ya cire babban na falo, ya ce zai yi amfani da shi a shago. Kuma duk tufar da Yaya ya sa tun bayan hatsarin shi ya ɗinka, bai taɓa sa masa tef ɗin awo ba. Tsohon awon da ke cikin littafinsa yake bi, na lokacin da Yaya ke cika kujerar tirela, ya ƙara faɗi, ya ƙara tsawo, yadda riga za ta sauko ta rufe gwiwa. Aikin tela ke nan a saninsa: mai tumbi a ɓoye masa, mai doro a daidaita masa, kowa ya fita kunya. Yanzu ga injin da zai baje Yaya a allo mai inci arba'in, da keke, da ƙafafun da suka tsotse.

Ya kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da tela kaɗai za ta faɗo wa. Injin nan ido gare shi, ido kuwa tufa yake fara gani. In aka yi riga mai faɗi da tsawo wadda za ta sauko daga kafaɗa ta lulluɓe keken har tayoyi, me injin zai gani? Gajeren mutum mai ƙiba a tsaye. Shi ke nan, an yi maganin abu biyu. Yaya ba zai ga ƙafafunsa ba, injin ba zai ga keke ba.

Ya ture aikin mutane gefe. Ya zaɓi yadi mai nauyi mai sheƙi, ruwan toka, ya shimfiɗa a tebur ya zana da alli. Yadi tara ya shiga. Hannun rigar kaɗai ya isa a yi wa yaro wando. Mai wandon da aka ɗinke wa aljihu ya zo karo na uku, Tela ya ce masa gobe, ko ɗagowa bai yi ba.

Asabar da yamma ya isa gidan da kwali a kafaɗa da leda a hannu. Yaya ya kalli kwalin, ya juyo da kekensa daga taga.

"Sabo ne, Yaya. Amma sai ka sa wannan."

"Biki za mu je?"

"Injin ne mai son kwalliya."

Shi da Anti suka zura masa rigar. Tela ya durƙusa yana baza ta a kan tayoyi, yana ja nan yana gyara can, har da allura biyu a baki. Da ya gama, kan Yaya kaɗai ke waje, kamar an ɗora kai a kan tanti.

Aka haɗa wayoyi, aka ɗora mai ido ɗaya a kan talabijin. Ya ɗaga kansa da kansa, ya sunkuyar, yana leƙen falon. Tela ya tsaya a gabansa don gwaji. Nan take injin ya yi ƙara ƙit, ya zana masa wani mutum na tsinke a jikinsa, kai da hannaye da ƙafafu. Ya ɗaga hannu, na tsinken ya ɗaga.

"Ka ga ƙashinka," in ji Yaya. "Dama na san babu komai a cikin rigar nan."

Tela ya ji daɗin zagin. Ya matsa gefe, ya turo keken tsakiya. Hoton ya fito a allo, tulin yadi mai sheƙi da kai a sama. Mai ido ɗaya ya duba, ya sake dubawa. Rubutu ya fito.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

"Yana... yana shiri ne."

"Kai, na yi shekara ashirin da takwas ina karanta allon hanya. Cewa ya yi bai ga kowa ba."

"Haske ne ya yi kaɗan." Tela ya yaye labule. Babu. Ya ja keken baya, ya turo shi gaba. Ya ce Yaya ya ɗaga hannu, Yaya ya ɗaga, yadin ya tashi gaba ɗaya kamar fukafukin jemage. Babu. Anti ta ratsa da tiren shayi, injin ya yi ƙit, ya zana mata nata mutumin tsinken har da hannun da ke riƙe da tire.

"Lah, ni ya gan ni!" ta ce, sannan ta kama bakinta.

Tela ya ce fanka ce ke kaɗa rigar, ya kashe ta. Ya ɗauko littattafai ya ɗaga mai idon, ya sauke shi. Ya durƙusa ya ƙara jan yadin ya rufe wani ɗan gefen taya da ya leƙo. Gumi na bin bayansa. Falon ya ɗauki zafi, rubutun nan yana ta fitowa yana ɓacewa yana dawowa.

"Bari," in ji Yaya a hankali.

"Saura kaɗan, Yaya, in na..."

"Na ce ka bari. A tsaye ake yi, ko? Ka ɗauka ban sani ba? Ni ma ina da waya. Tun ranar da suka yi shelar na gani. Ina jira ne in ga ranar da za ka buɗe baki ka gaya min, sai ka zo min da labulen gidan biki." Ya fara kokawa da wuyan rigar. "Cire min wannan abin, zan mutu da zafi. Mayar musu da injinsu."

Anti ta ajiye tire ta taya shi. Yadi tara ba ya fita da sauƙi, sai da aka yi ta ja. Da ya fita, Yaya ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando. Ya dunƙule rigar, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya zai jefi ƙaninsa da ita.

Ƙit.

Su uku suka juya. A allo ga Yaya, ga keke, ga ƙafafun kamar yadda suke. A kan hoton kuma ga mutumin tsinke, zaune, hannunsa ɗaya a sama.

Tela bai kalli allon ba sosai. Wansa ya tsaya kallo. Shekara shida yana yanka masa yadi bai taɓa duban abin da yake rufewa ba. Ƙafafun sun tsotse, gaskiya ne. Amma tumbin direba ya tafi, kafaɗun sun buɗe, damatsan sun murɗe kamar na mai dakon kaya. Mutumin da ke tura nauyin kansa da hannu safe da yamma, dole.

Yaya ya daɗe yana kallon kansa. Ya sauke hannu, na tsinken ya sauke. Ya ɗaga ɗayan.

"To," ya ce. "Ashe haka na koma." Ya juya kai gefe yana duban gemun. "Ke kuma kika bar ni da wannan gemun kamar na tsohon bunsuru."

"Ni na hana ka aski?" in ji Anti, tana share ido da gefen mayafi.

Wasanni suka jeru a allo, kowanne da ɗan hotonsa. Wasu an sa musu alamar mutum a tsaye, wasu alamar kujera. Na kujerar uku ne: dambe, harbin baka, da tseren mota. Tela ya yi wuf ya miƙa hannu zai zaɓi dambe. Shekara shida bai taɓa kawo faifan mota gidan nan ba, ko tallarsa ta fito yakan canza tasha.

"Sauke hannunka," in ji Yaya. "Mota."

"Yaya, damben ya fi..."

"Kai ne ka kife ko ni? Jawo kujera."

Tela ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Injin ya nuna su riƙe iska kamar sitiyari. Yaya ya ɗaga hannaye biyu, ya buɗe su da faɗi, faɗin sitiyarin tirela, ya ɗan gyara zama.

Aka saki motoci. A kwanar farko Tela ya daki bango. Babban yatsansa sai danne-danne yake yi a iska, yana neman madannin da babu. Yaya kuwa ya shiga kwanar a hankali, ya fita da gudu, yana mirgina hannu a kan hannu yadda ya saba.

"Tun kafin kwana ake rage wuta, ɗan tela! Wa ya ba ka lasin?"

"Abin nan ba shi da birki!"

"Ja hannunka baya mana! Kai, ku zo ku ga Sarkin Yatsa yana tuƙi a kan ciyawa!"

Sau biyar suka yi, sau biyar Yaya ya ci. Tela ya ce wannan ba gem ba ne, motsa jiki ne, kuma har gobe yana nan a kan bakansa, wasa a yatsa yake. Yaya ya ce a ƙara masa shayi, a haɗo da abin taɓawa, yunwa yake ji. Anti ta kunna fanka, ta ce wa Tela ya gaya wa Injiniya ya nemi wani abin nunin, wannan ya sami gida.

Tela ya tattara rigar daga ƙasa yana ninkewa, yana tunanin labule nawa za ta fitar.

"Tef ɗinka na nan?" in ji Yaya.

Yana nan, a wuyansa, inda yake kullum.

"Zo ka gwada ni. Riga nake so daidai jikina, mai gajeren hannu, kafin Asabar. In ka ƙara ko inci ɗaya, kai za ka sa ta."

Tela ya zare tef ɗin. Ya zagaya bayan keken, ya ɗora bakin tef ɗin a kafaɗar hagu, ya ja zuwa ta dama. Ya duba lambar, ya sake ja don ya tabbatar.

"Nawa?" in ji Yaya.

"Tsaya mana, kana motsi."